Sunan Da Habsu Ba Ta Taɓa Faɗi Ba

Shafi na 31

Na Fa'iza Nazir Anka

Salamu alaikum mutanena. Ke Binta ta Bukkuyum da kika cika min waya da saƙo wai na bar ki a rataye, sauko haka nan, ga shi na kawo. Wuta ce ba a kawo mana ba, sai da na kai wayar wurin mai caji. Masu cewa Zamfarancin ya yi musu yawa kuma ku yi haƙuri, haka mutanen nan suke magana, ba zan mayar da Inna Marka 'yar Kano ba.

Baƙin da suka shigo mana jiya suna tambayar ina aka kwana, ku matso. Habsu 'yar Adabka ce, mijinta Lauwali. Lokacin zinari suna Bagega, can gubar dalma ta ɗauke musu 'yarsu ta fari tana tsaka da gudunta da surutunta. Yanzu suna Gummi, shi yana gyaran babur, ita tana ƙuli-ƙuli, Allah ya ƙara ba su biyu, Jamilu da Kausar, suna zaune lafiya da uwar mijinta Inna Marka. Abu ɗaya ne, tun rasuwar nan Habsu ba ta iya jin kiɗan Jatau na Adabka da 'yan amshinsa, makaɗan noman da ta fi so tun tana budurwa. A shafin da ya wuce ta dawo daga niƙa ta tarar da kalangunsu rataye a zaurenta. To mu je.

*

Ko robar markaɗen gyaɗar ba ta sauke ba.

"Baban Jamilu."

Lauwali na tsugune bakin rijiya yana wanke baƙin mai a hannunsa. Bai waiwayo ba. Kun san namiji in ya san abin da ya aikata, wankin hannunsa ba ya ƙarewa.

"Magana nika yi."

"Ina jin ki."

"Minene wancan cikin zaure?"

"Baƙi ne."

"Ban ce su wane ne ba. Nac ce minene rataye ga bango."

Sai a lokacin ya miƙe, yana goge hannu a jikin wando.

"Habsu, sauke kayan tukuna."

"Ban saukewa."

"Gayya sunka zo yi ma wani manomi can fadama, gobe. Wanda za su sauka gidanshi ya tahi Sakkwato kai mara lahiya, ya kulle ɗaki. Ruwa ya kama su bisa hanya, tun daga Bukkuyum suke shan duka. Nag gane su bakin gareji, tsoho yana rawar ɗari. In bar shi nan?"

"Gidajen Gummi sun ƙare?"

"Abokin babanki ne hwa."

"Na san ko wane ne. Ba kai za ka gaya mani ko wane ne ba."

Muryarta ta fara rawa. Ta lura, abin ya ƙara ba ta haushi.

Lauwali ya matso ya kama robar da kansa ya sauke mata. Ya yi ƙasa da murya.

"Na yi magana da su. Ba kiɗi cikin gidanga. Ko taɓawa ba su yi. Kwana ɗai za su yi su wuce."

"Ka rantse?"

"Baba Jatau da bakinshi yac ce ko ban hwaɗi ba ya sani."

Ta tsaya tana kallon sa. Can ta ja tsaki, ta gyara ɗaurin zane.

"Su nawa ne?"

"Biyar."

"Sun ci wani abu?"

Lauwali ya kau da kai don kada ta ga murmushinsa.

Daga ƙofar ɗaki Inna Marka, da ke zaune tana tsince wake tun ɗazu kamar ba ta jin komai, ta ce, "Ahaf. Ni dai na san hwaɗan bai wuce tukunya."

"Inna, don Allah."

"Mi nac ce? Wake nika tsinta."

*

Habsu ta ɗora tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka ta zuba mata man shanu har da na gobe. Ni kaina da nake ba ku labari na ce, wannan mai fushin da baƙi, ina ma a yi fushi da ni haka. Lauwali ya kwashi kwanuka ya kai zaure, ya koma gareji.

Hadari ya washe, rana ta fito ƙwal. Habsu ta juye markaɗen gyaɗar a turmi, ta yayyafa ruwan ɗumi, ta sa taɓarya ta fara juyawa don mai ya fito. Aikin da take yi kullum ne, ko ido rufe za ta yi shi.

Can sai ta ji.

Ɗan ƙaramin sauti ne daga ƙofar gida. Ba kiɗa ba ne. Ruwa ya jiƙa fatun, an fito da su rana su sha iska, shi ne Sahabi, babban makaɗinsu, yake ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa ya ji ko fata ta ɗame. Ya taɓa, ya ja tsarkiya, ya sake taɓawa.



Ta tsaya da taɓarya a hannu tana jiran abin da ta saba. Ai ta san shi. In ta ji ko a wayar wani ne a kasuwa, sai tsakar gidansu na Bagega ya dawo mata gaba ɗaya: buhunan dutse jingine da bango, ƙura fara fat a kan tabarma da kwanukan abinci, rediyon Lauwali a kan turmi yana juya kaset ɗin Jatau, yarinya tana tsalle cikin ƙurar nan tana tafi. Ranar sunanta Jatau ya zo har Bagega ya saka ta a waƙa, aka ɗauka a kaset. In an zo wurin sunanta sai ta daki ƙirji ta ce, "Ni ce!" Su kuwa suna dariya, ba wanda ya san ƙurar ce ke cin ta.

Habsu ta jira. Ta runtse ido ma.

Abin bai zo ba.

Gonar babanta ce ta zo. Gero ya kai ƙugu, maza sun jeru da fartanya, ita da ƙawayenta sun ɗauko fura a ka tun daga cikin gari, suna jiyo gangar Jatau tun kafin su hango mutane. Har ƙamshin ƙasar da aka juya ta ji. Ta tuna yadda suke ajiye ƙwarya su laɓe bayan kuka suna taka rawa, ta tuna ranar da ta taka har furar ta kife, babanta ya yi ta dariya ya kasa yi mata faɗa.

Sahabi ya ƙara taɓawa. Hannunsa ya manta da alkawari, ya ɗan zarce.

"Habsu."

Ta buɗe ido. Inna Marka na kallon ta.

"Na'am, Inna."

"Taɓaryag ga taki, ita ma 'yar amshi ce?"

Ta duba hannunta. Wallahi juyawa take, kuma daidai da kiɗan take juyawa. Mai har ya taso ya kwanta a kan tunkuza.

Ta saki taɓaryar kamar ta taɓa wuta.

"Ni ban san ina yi ba."

"Ƙahwarki ma ba ta sani ba."

"Inna!"

"To mi? Zunubi ne? Ni da nis san ki kina amarya, in an sa Jatau ko tuwo kike tuƙi sai kin karkaɗa kahwaɗa. Kin ɗauka ban gani?"

Habsu ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Kunya ta kama ta, haushi ya kama ta, ga wani daɗi can ƙasan zuciya da ta rasa inda za ta kai shi. Daɗin ne ma ya fi ba ta tsoro.

"Inna, daidai ne in ji daɗin abin ga? Bayan abin da yaf faru?"

Tsohuwar ta watsa tsakuwar da ta tsinto gefe.

"Ganga tak kashe ta?"

Habsu ta kai hannu tana goge bakin turmi.

"Tambaya nika yi. Jatau yak kawo dutse cikin gida? Mu munka kawo. Ni da hannuna na sha daka shi, ina murna ɗana ya samu. Ba mu sani ba, Allah ya sani ba mu sani ba. Amma tsohon ga ba ruwanshi."

Daga waje aka ji muryar wani dattijo yana faɗa, "Sahabi! Mi nac ce maka? Aje ta!"

Kiɗan ya ɗauke ɗif.

Habsu ta ji tsakar gidan ya yi mata faɗi. Abin da ta roƙa ne aka yi mata, amma sai ta ji kamar an ƙwace mata kwano tana cikin ci.

*

Bayan la'asar aka yi sallama daga zaure, wai Baba Jatau na son shigowa ya gaida Inna Marka ya yi godiyar abinci. Lauwali ne ya shigo da shi.

Habsu ta ja mayafi. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta sauke.

Ashe haka ya tsufa? Mutumin da muryarsa ke tsallake gona uku, yau ga shi da sanda, gemu fari tas, rigar ta yi masa yawa. Ya zauna a tabarma da ƙyar, yana juyo da kunnensa na dama wajen mai magana, don na hagun ya daina aiki.

"Marka, kina nan ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, in ci gumba."

Suka yi dariya. Ya juyo.

"Wagga ita ce Habsu ta Mu'azu?"

Ta durƙusa. "Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kai, Allah ya jiƙan Mu'azu. Miyag ga da nis sha, hannun gidanku ne, ban ko tambaya ba." Ya murza sandarsa. "Na zo ba ki haƙuri. Yaron ga Sahabi ya taɓa fata ɗazu. Na yi mashi hwaɗa."

Sahabin da ake kira yaro fa ya aurar da 'ya'ya.

"Ba komi, Baba."

"Da komi. Na san ciwonki. Labari ya iske ni har Adabka tun lokacin. Nac ce, waƙad da niy yi ma jinjira da farin ciki, ita ta koma ma uwatta wuƙa." Ya girgiza kai. "Shi ya sa nib binne ta."

Habsu ta ɗago.

"Kab binne mi?"

"Baitin. Tun ranad da nij ji, ban ƙara yin shi ba. Waƙar noman muna yi, amma in an zo wurin sai mu tsallake. Na hana yarana. Mutane su tambaya, ina na ɗiyar Lauwali mai daɗin nan? In ce na mance. Ko bisa waya ba ki samun shi, waɗanda munka ɗauka daga baya duk babu. Ki kwantar da hankalinki, ɗiyata. Ba inda za ki tahi ki ji shi."

Ya faɗa yana murmushi, irin na wanda ya kawo tsaraba yana jiran a yi murna.

Lauwali ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Inna Marka ta ce, "Amin."

Habsu ta zuba wa tsohon ido.

"Habsu," in ji Lauwali a hankali, "Baba na magana."

"Ba inda za ni ji shi?"

"Babu," in ji Jatau.

Ta juya wajen mijinta. "Kaset ɗin hwa?"

Lauwali ya sunkuyar da kai.

"Baban Jamilu, kaset ɗin da ke cikin akwatinka."

"Ba shi nan."

"Ina yat tahi?"

"Lokacin da masu kwashe ƙasa sunka zo share gidaje, da sunka ɗebe ƙasar tsakar gida da tabarmi, na jehwa shi cikin motar. An binne shi tare da ƙasar." Ya ɗago ya dube ta. "Don ke niy yi. Ina ganin yadda kike in kin gane shi."

Jama'a, ku ji fa. Shekara da shekaru matar nan tana zagaye akwatin nan kamar akwai maciji a ciki, ba ta buɗewa, ba ta bari a matsar. Ashe a ranta ta ajiye cewa yana nan. Ba ta son ji, amma yana nan.

Ta zame ta zauna a ƙasa sosai.

"Kowa don ni yay yi."

"Habsu..."

"A'a, ku bar ni in hwaɗi. Inna, yaushe rabonki da ki kira sunanta?"

Inna Marka ta daina taɓa waken.

"Marigayiya kike cewa. Shi kuma, waccan yarinyar. Dangina in sun zo, mai rasuwa. Jamilu ya san yana da yaya, bai san sunanta ba. Kausar ko sanin an yi ta ba ta yi ba." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Ni kuwa ɗiyar hwari ce gare ni. Kun san ban hwaɗin sunanta. Tun da nih haihe ta ban taɓa ba. Ke nika ce mata. Ke, zo nan. Ke, bari. Har cikin motar da munka kai ta Anka wurin likitoci, tana bisa cinyata tana sanƙarewa, ke nika cewa. Ke, buɗe ido."

Ba wanda ya motsa. Kaza ce kawai ke tsattsagar waken Inna, ba a ko kore ta ba.

"Wuri ɗaya ne sunan nan yaka hita da ƙarhi, kowa ya ji. Cikin waƙarka, Baba. Ina gudun ta, gaskiya ne. Amma ina cewa cikin raina, can wani wuri, cikin wata gona, ana kiran ta. Ashe ba a kira."

Jatau ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Subhanallahi. Ashe ɓarna niy yi."

"Ba ɓarna ba ce, Baba. Tausai ne. Na gode." Ta share fuska da gefen mayafi, ta ja numfashi. "Amma a tono baitin."

Lauwali ya zaro ido. "Mi?"

"A yi shi. Yanzu. Nan."

"Habsu, kin tabbata? Ke da ko a kasuwa..."

"Ɗazu da Sahabi yat taɓa, gonar Baba nig gani, ban ga Bagega ba. Tambayi Inna, har rawa ƙahwata tay yi."

"Ta yi," in ji Inna Marka, tana jan hanci. "Ni shaida ce."

Dariya ta kuɓuce wa Habsu a tsakiyar kuka. Wallahi har ni sai da na yi.

*

Aka kira su. Sahabi ya shigo da kalangu a hammata yana raɓe-raɓe, don shi har yanzu a tunaninsa laifi ya yi. Mai ganga ya biyo shi, sai 'yan amshi biyu. Suka tsaya gindin dalbejiya suna kallon ƙasa, tsakar gidan mutane ne.

"A hankali," in ji Jatau. "Ba gona muke ba."

Sahabi ya ɗora gula.

Wayyo, kiɗan nan! Habsu ta ji shi tun daga tafin ƙafa. Ba abin da ya canza, yadda ta bar shi haka ta same shi. Jatau ya gyara zama, ya kai hannu kunne, muryar ta fito a dishe da farko, sannan ta buɗe.

"Gero ya yi kai Adabka,
Maza ku duƙa, rana ta yi."

'Yan amshi suka karɓa.

"Ku duƙa, rana ta yi."

"Na Mu'azu ba ya barin kunya,
Sai ya ga ƙarshenta ya sha hura."

"Ku duƙa, rana ta yi."

Leɓenta na motsi. Duk tana da su a ka, ko ɗaya bai zube ba. Inna Marka na kaɗa kai, Lauwali ya jingina da bango ya harɗe hannu yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganin ta. Matan maƙwabta har sun fara leƙowa ta kan katanga.

Sahabi ya sauya hannu. Habsu ta gane sauyin, nan ne ake shiga baitin. Ta damƙe gefen zanenta.

"Na tahi Bagega na sha suna,
Lauwali na Marka ya yi baƙuwa,
Habsu ta sauka lahiya,
Jikar Mu'azu, hwarar tunhwahiya,
Ku gaida mani..."

Ya tsaya.

Kiɗa na tafiya, an bar masa gurbi. Bai cike ba.

Sahabi ya zagayo ya sake kawo shi wurin.

"Ku gaida mani..."

Shiru.

Tsohon ya buɗe baki ya rufe. Ya dafe goshi. Ya juya ya kalli 'yan amshinsa, su kuwa samari ne, bayan an binne baitin suka shiga ƙungiyar. Ya kalli Sahabi. Sahabi ya girgiza kai, shi hannu ya riƙe, bai riƙe baki ba.

Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya koma ɗan taɓi.

"Innalillahi," in ji Jatau. "Ƙaryad da nika yi ma mutane ta kama ni. Na ce na mance, na ce na mance. Yau ga shi na mance da gaske." Ya dubi Lauwali. "Ɗana, taimake ni. Mi sunan yarinyar?"

Lauwali ya buɗe baki. Ya juya ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa na rawa.

Inna Marka ta ajiye faifan wake. "Bari in hwaɗa maka. Sunanta..."

"Inna."

Kowa ya juyo.

Habsu ta miƙe tsaye.

"Inna, bari."

"Ke?" Tsohuwar ta dube ta, ta dubi maza biyar baƙi a tsakar gida, ta dubi kawunan matan da ke kan katanga. Ta rage murya. "Habsu, ɗiyar hwari ce. Gaban uwar mijinki, gaban abokin babanki? Gobe garin ga duk sai an ce ba ki da kunya."

"Na sani."

"Ba a yi hwa."

"Na sani, Inna. Na yi mata kunya tana da rai. Na yi mata kunya ta mutu. Ki yahe mani wagga guda."

Inna Marka ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ɗauki faifanta ta ɗora a cinya, ta kau da kai gefe.

"Ni wake nika tsinta. Ban jin komi."

Habsu ta matsa gaban Jatau ta durƙusa. Sunan nan kullum yana bakinta, da shi take kwana da shi take tashi, amma harshenta bai san hanyarsa ba. Ta motsa leɓe. Ta faɗa, can ƙasa, ita kanta da ƙyar ta ji.

Jatau ya karkato da kunnen dama.

"Mi kinka ce, ɗiyata?"

Ta sake faɗa.

"Ki yi haƙuri, kunnen ya tahi. Ɗaga murya."

Habsu ta rufe ido. Ta cika ƙirjinta da iska, irin yadda uwa ke yi in za ta kira ɗanta daga ƙofar gida ya zo ya ci abinci.

"ZALIHA!"

Har tantabarun kan rufi sai da suka tashi.

Sahabi bai jira umarni ba, ya saukar da gula da ƙarfinsa. Mai ganga ya bi shi. Jatau ya yar da sanda, ya ɗaga hannu sama, muryar da ke tsallake gona uku ta dawo.

"Ku gaida mani Zaliha!"

"Zaliha, rana ta yi!"

"Zaliha ta Habsu!"

"Zaliha, rana ta yi!"

Habsu na durƙushe, hawaye na zuba, tana dariya, kafaɗarta na karkaɗawa da kanta. Lauwali ya juyo daga bango yana faɗin sunan tare da 'yan amshi. Inna Marka, mai tsintar waken da ba ta jin komai, ta saki guɗa.

Daga kan katanga wata maƙwabciya, wadda shekarunsu kusan huɗu suna aron gishiri a hannun juna, ta ɗaga murya ta tsallake kiɗan.

"Maman Jamilu! Wai wace ce Zaliha?"

Habsu ta ɗago kai ta dube ta.

"Ɗiyata ce. Ita ce babba."